Masu Karanta Sawun Waya

A Maiduguri, da zarar hirar waya ta fara nauyi, sai ka ji ɗaya ya katse ɗan'uwansa: "Bari dai, wannan ba maganar waya ba ce, sai mun haɗu." Dattijo na faɗin haka, ɗan kasuwa na faɗi, har matan aure in zance ya biyo ta kan wanda aka ɗauke jiya a unguwa. Kowa ya ɗauka akwai wani a zaune cikin wani ɗaki a Abuja, ya kasa kunne yana jin duk abin da ake cewa. Ana saurare kam, doka ma ta tsara yadda za a yi shi. Sai dai layukan waya a Najeriya sun haura miliyan 150, kuma babu gwamnatin da ke da kunnuwan da za su ishe su. Aikin da ya fi yawa, wanda kuma ya fi neman gwaninta, bai ma damu da muryarka ba. Sawu ake bi. Mai wannan aiki yana iya ƙare bincikensa bai ji kalma ɗaya daga bakinka ba, amma ya san unguwar da kake kwana.

Abin da ya ba shi wannan dama shi ne waya ba ta iya shiru. Ko tana aljihu, ko tana ƙarƙashin matashi, muddin a kunne take, lokaci zuwa lokaci sai ta sanar da kamfani yankin da take, in kuma ta ƙetara wani yanki ta sake sanarwa. Ba don haka ba, da kamfani bai san ta inda zai turo maka kira ba. Duk wanda ya taɓa ajiye ƙaramar waya kusa da rediyo ko amfilifayar masallaci ya ji wannan magana da kunnensa: wannan "tut-turut, tut-turut" da ke fita a lasifika tun kafin wayar ta yi ƙara. Wayar ce da ƙarfen sabis suke gaisawa.

Wannan surutun nata shi ne ma tushen dokar da ake karanto wa fasinja kafin jirgi ya tashi daga filin jirgin saman Maiduguri. Wayar da ta yi nisa da ƙarfe takan ƙara ƙarfin kiranta, ga ta kuma a sama tana hango ƙarafuna da yawa a lokaci guda, jirgi na gudu da ita. Hukumar sadarwa ta Amurka ta hana kiran salula a sararin sama tun 1991, kuma damuwarta a lokacin ruɗa ƙarafunan ƙasa ce. Su kuwa matuƙa, abin da ba sa so shi ne wancan ƙugin ya shigar musu kunne daidai lokacin da hasumiya ke ba su umarnin sauka. A nan gida, a watan Agustan 2025 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta ce a kashe waya ɗungurungum yayin tashi da sauka. Ma'aikaciyar jirgi da mai bin sawun waya abu ɗaya suka sani, ita tana so wayar ta yi shiru, shi kuma da surutunta yake aiki.

To me yake karantawa? Lambobi biyu ne farkon kayan aikinsa. Ɗaya ta sim ce, ɗaya ta jikin wayar, mai alƙaluma 15, wadda ke fitowa in ka danna *#06#. Duk kiran da aka yi, ko saƙon tes, kamfani na rubuta wa ya kira wa, ƙarfe nawa, minti nawa, da wace waya, kuma ta wane ƙarfen sabis. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanoni ajiye irin waɗannan bayanai har shekara 2. Idan aka ba mai bincike, ba wani abin kallo ba ne: dogon jadawali ne a kwamfuta, layi bisa layi, lamba da lokaci, lamba da lokaci, wani lokacin dubbai. Wanda bai iya ba, ido kawai zai yi masa ciwo.

Gwani kuwa da ƙarfen yake farawa. In ka ɗaga kai ka dubi ƙarfen sabis, za ka ga dogayen fararen akwatuna a samansa, galibi sun fuskanci kusurwa uku, kowace fuska na kula da kashi ɗaya cikin uku na kewaye, kowace kuma da lambarta. Saboda haka layi ɗaya a jadawalin ba ƙarfe kaɗai yake nunawa ba, har da ɓangaren da wayar ta tsaya, gabas ko yamma. Sai abin da ya fi burge ni. A tsohon tsarin 2G, wayoyi takwas ne ke raba tasha ɗaya, kowace da nata zagayen magana. Wayar da ke nesa dole ta riga yin magana da ɗan ƙanƙanin lokaci, don kada saƙonta ya iso a makare ya hau kan na wata. Ƙarfen ne ke gaya mata taki nawa za ta riga, daga 0 zuwa 63, kuma kowane taki ɗaya kimanin mita 550 ne. Injiniyoyin da suka tsara haka tsabtar kira suke nema, ba su zauna don kama ɓarawo ba. Amma wanda ya samu wannan adadi ya samu ma'aunin nisa. Fuskar ƙarfe ta ba shi alƙibla, takin ya ba shi tazara, sai ya zana wani baka a kan taswira ya ce wayar tana cikin nan. In ƙarfe na biyu da na uku sun ji ta, bakunan su gitta juna, wurin ya tsuke.

Mu ɗauka an ƙwace wa wata baiwar Allah waya a wajen Kasuwar Monde ta Maiduguri, ɓarawon ya cire sim ya jefar a kwata. A ganinsa ya gama. Bayan kwana biyu sai lambar jikin wayar ta sake bayyana da wani sabon layi. Mai bincike ba zai yi wuf ya ce ga ɓarawo ba, don ya san wayar sata takan sauya hannu sau biyu ko uku kafin rana ta faɗi, kuma mai riƙe da ita yanzu wataƙila da kuɗinsa ya saya. Zai duba tsakanin ƙarfe ɗayan dare da asuba wane ƙarfe take maƙale da shi, don nan ne makwancinta. Zai duba ina take yini. Zai duba kira na farko da sabon layin ya yi, da lambar da yake yawan kira da magariba, domin mutum na sauya sim amma ba ya sauya uwa. Idan ya ga wata lambar daban da kullum take tashi daga Gwange tare da wannan, su bi hanyar Baga tare, su dawo tare, to ko dai mutum ɗaya ne mai waya biyu, ko abokan tafiya ne. Aikin ya yi kama da na maharban Borno da ke bin sawun shanun da aka kora, su dubi ƙasa su ce an wuce nan da hantsi, kuma ɗaya daga cikin shanun tana ɗingishi.

Inda ake gane gwani da ɗan koyo shi ne wajen sanin ƙaryar da jadawali ke iya yi. Waya ba kullum take kama ƙarfen da ya fi kusa ba. In ya cika, ko wani bene ya tare, sai ta tsallaka ta kama na nesa. Yankin Maiduguri kuma shimfiɗaɗɗe ne, ba dutse a kewayen birnin, sabis na tafiya da nisa. Ga sunan da ke kan layi. An fara rajistar sim a 2011, an ci tarar MTN a 2015 kan layuka sama da miliyan 5 da ba a yi wa rajista yadda ya kamata ba, an zo an haɗa layi da lambar NIN daga Disamban 2020, amma har gobe akwai tsohuwar da jikanta ya yi mata rajista da sunansa, akwai gidan da mutum shida ke amsa kira a waya ɗaya. Sai kuma wani abu da sai ɗan gari zai gane. Lokacin da aka fasa turakun wutar lantarki a hanyar Damaturu a Janairun 2021, Maiduguri ta shafe watanni cikin duhu, wayoyin unguwa guda sukan taru a shagon mai caji, kowace da lambarta manne a baya, janareto na ruri. Baƙon da ke kallon taswira daga nesa zai ga wayoyi hamsin suna haɗuwa wuri ɗaya kullum, ya ce ya gano maɓoyar 'yan ta'adda. Wanda ya san gari zai ce a'a, shagon caji ne. A wurina, wannan "a'a" ita ce ƙololuwar sana'ar, domin a garin da zargi kaɗai ya taɓa isa a ɗauke mutum a daina jin ɗuriyarsa, kuskuren mita ɗari biyar na iya faɗawa kan gidan da bai ji ba bai gani ba.

Su kansu 'yan Boko Haram sun san kaifin wannan ilmi. A Satumban 2012 suka bi ƙarafunan sabis suna ƙonawa a Maiduguri da wasu garuruwan Arewa, suna zargin kamfanonin da taimaka wa jami'an tsaro wajen gano su. Shekara na zagayowa, bayan Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa ranar 14 ga Mayun 2013, sai gwamnati ta katse sabis da hannunta, a watan Yuni sojoji suka haɗa da haramta wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya. Adamawa da Yobe sun samu nasu a Yuli, Borno kuwa ba ta samu mai ɗorewa ba sai wajen ƙarshen shekarar. Mutane suka riƙa shiga mota zuwa Damaturu, tafiyar fiye da kilomita 100 a hanyar da ba ta da tabbas, don kawai su ce wa 'yan'uwa suna raye. An ce matakin ya hana maharan haɗa kai, wataƙila haka ne. Amma ya hana ɗan ƙauye kiran agaji, ya kuma share sawun da ake bi, tunda wayar da ba ta da ƙarfen da za ta gaisa da shi ba ta barin komai a jadawali.

Sha'awar gwanintar ba ta hana ni tsoronta. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin hirar waya, ƙa'idojin da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta fitar a 2019 kuma sun ce sai da sammacin alƙali za a saurari kira, in ban da halin gaggawa, shi ma a nemi sammacin cikin awa 48. A takarda ke nan. A Fabrairun 2020 ƙungiyar kare 'yan jarida ta CPJ ta bayyana yadda 'yan sanda suka yi amfani da bayanan kira wajen janyo 'yan jarida su kama su, ta hanyar fara damƙe waɗanda suke yawan waya da su. A Disamban shekarar, cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta sa Najeriya cikin ƙasashen da alamu suka nuna suna amfani da kayan kamfanin Circles, masu gano inda waya take da tsinkayar kira ta kafar da kamfanonin sadarwa ke mu'amala da juna. Dabarar da ke dawo wa baiwar Allah da wayarta ita ce dai ke kai mota ƙofar gidan mai sukar gwamna.

Tambayar da ake yawan jefowa a majalisa ita ce, in dai haka ne, me ya sa masu garkuwa da mutane ke kira suna cinikin kuɗin fansa har mako biyu ba a kama su ba? Wani ɓangaren amsar sakaci ne da jan ƙafa, wannan ba a musu. Ɗaya ɓangaren kuma lissafi ne. A cikin birni ƙarafuna sun yi kusa da juna, kowace fuska 'yan layukan unguwa take rufewa. A daji, ƙarfe ɗaya ne tal ke ɗaukar ƙauyuka da dama, a 2G har zuwa kilomita 35, ba na biyu balle na uku da za su gitta. Abin da mai bincike zai iya miƙa wa kwamanda shi ne baka mai faɗin rabin kilomita, tsawonsa kuwa ya kai kilomita goma ko fiye, mai kiran kuma ya hau babur tun awa uku da suka wuce. Daga nan sai ƙaramar na'urar da ke kwaikwayon ƙarfen sabis, wadda dole a ɗora ta a mota ko jirgi a matsa kusa kafin wayar ta amsa mata, sai man fetur, sai mutanen da za su yarda su shiga dajin da ke tsakanin Damboa da Biu.