Daga Sahu Zuwa Kanta: Nazari a Kan Ɗakin Karatu na Dandaji

Dandaji ƙaramin gari ne na Hausawa a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. Ɗakin karatunsa ya bambanta da saura domin asalinsa masallacin Juma'a ne na ƙasa, aikin Alhaji Falke Barmu, maginin da masallacinsa na Yama ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Da ginin ya tsufa, an yi shawarar rushe shi. Masu zanen gini biyu, Mariam Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka kawo wata shawarar: a gina sabon masallaci a kusa, a gyara tsohon ya zama ɗakin karatu. An kammala aikin a 2018, aka raɗa wa harabar suna Hikma.

Babban abin yabo a nan shi ne kawaicin masu zanen. Sun bar ginshiƙan Barmu da bakan gizonsa yadda suke, suka shigar da kantocin littattafai da wuraren zama a tsakaninsu, har da bene mara nauyi. Kaurin bangon da ya tare wa masallata zafin rana shi ne yake sanyaya wa ɗalibi wuri a yau. Sun kuma gayyato maginan da suka yi aikin farko, don haka gyaran ya fito daga hannun da ya san ƙasar.

Sai dai akwai wurare biyu da nake ganin yabon ya yi gaggawa. Na farko shi ne sunan. Hikma na nuni ne ga Baitul Hikma na Bagadaza a zamanin Abbasiyawa, alhali ƙasar Hausa ta daɗe da haɗa salla da karatu a makarantar allo da zauren malamai. Da an jingina ginin ga wannan gado, da mutanen gari sun fi ganin kansu a ciki.

Na biyu ya fi nauyi. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe bayan damina, kuma a al'ada jama'a kan yi wa masallaci gayya domin neman lada. Yanzu da salla ta koma sabon gini, wa zai kwaɓa ƙasa domin littafi? Ga gara, ga danshi, dukkansu abokan gābar takarda.

Saboda haka hukuncin wannan aiki yana hannun mutanen Dandaji. Masu zanen sun ceci bangon, kuma sun kyauta. Idan kowace shekara aka duba indararo, aka toshe tsagar bango, aka ga yarinya da uwarta suna karatu a inda kakanninsu suka yi sahu, to ginin Barmu ya sami rai na biyu.