Koyon Python domin aikin jadawali, da abin da kwasa-kwasan gaggawa ke tsallakewa

A 'yan shekarun nan ma'aikatan ofis, akantoci, malaman makaranta da ɗaliban da ke rubuta kundin bincike sun raja'a ga koyon rubuta manhaja, wato jera wa kwamfuta umarni cikin yaren da take ganewa, kuma akasarinsu ba su da burin zama injiniyoyi, abin da suke so shi ne su sauke nauyin ayyukan da ake maimaitawa kowane wata, kamar haɗa jadawalin Excel hamsin wuri guda ko tsame sunayen da suka fito sau biyu. Yaren da suka fi runguma shi ne Python, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991, saboda umarninsa gajeru ne kuma ana iya karanta su ba tare da dogon horo ba. Littafin Al Sweigart mai suna Automate the Boring Stuff with Python, wanda ya fito a 2015 kuma ake karanta shi kyauta a intanet, ya taimaka wajen yaɗa wannan sha'awa, haka ma pandas, tarin kayan aikin sarrafa jadawali da Wes McKinney ya fara ginawa a 2008.

Hujjar masu ra'ayin koyon Python tana da ƙarfi. Aikin da aka yi da hannu a jadawali ba ya barin sawu, don haka idan aka yi kuskure da wuya a gano inda ya faru, alhali umarnin da aka rubuta yana nan a ajiye, kowa na iya bin sa layi bayan layi. A 2013 Thomas Herndon, ɗalibi a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, ya gano cewa a fitaccen binciken da masana tattalin arziki Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff suka wallafa a 2010 kan bashin ƙasashe, lissafin Excel ya tsallake ƙasashe biyar, kuma an shafe shekara uku ana kafa hujja da sakamakon kafin wani ya duba jadawalin kansa.

Sai dai yadda ake tallata koyon yana da babban gibi. Kwasa-kwasan gaggawa suna koyar da ƙa'idojin yaren da bayanai tsabtatattu waɗanda aka riga aka shirya domin darasi, ga shi kuwa bayanan da ma'aikaci ke tararwa a teburinsa ba su taɓa zuwa a haka ba. Lambar wayar Najeriya tana farawa da sifili, kuma da Excel da pandas duk sukan ɗauke ta a matsayin adadin lissafi su zubar da sifilin, sai lamba mai alƙaluma 11 ta koma 10 ba tare da wani gargaɗi ba. Mutum ɗaya yakan bayyana a rajista a matsayin Muhammad, Muhammadu da Mohammed, kwamfuta kuwa ta ƙirga mutum uku. Haruffa masu ƙugiya irin su ɓ, ɗ da ƙ sukan rikiɗe su zama tarkace idan aka buɗe fayil da tsarin haruffan da ba UTF-8 ba, wato tsarin da ke iya ɗaukar haruffan harsunan duniya. Kwanan wata ma haka: 03/04 a Kano ko Damagaram 3 ga Afrilu ne, amma manhajar da ke bin al'adar Amurka za ta karanta shi 4 ga Maris. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke tsayar da manhaja, aikin zai kammala lami lafiya, rahoto ya fito da kyan gani, kuma kuskuren da mai aikin hannu zai yi a layi ɗaya ya bazu a layuka dubu goma cikin daƙiƙa.

Manyan hukumomi ma ba su tsira ba. A watan Oktoba na 2020 hukumar kula da lafiyar jama'a ta Ingila ta bayyana cewa mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna ɗauke da cutar korona ba su shiga ƙidaya ba, domin tsarin da ke tattara sakamakon gwaje-gwaje da kansa yana zuba su ne a tsohon nau'in fayil na Excel wanda iyakarsa layi 65,536, duk abin da ya haura haka sai ya faɗi shiru. Da an sa umarni guda da ke kwatanta yawan layukan da suka shiga da yawan waɗanda suka fito, da an farga tun ranar farko, kuma irin wannan binciken, mai sauƙi ƙwarai, shi ne abin da ya kamata sabon shiga ya koya a makonsa na farko, tun kafin a kai shi ga zana taswirar alƙaluma masu launi.

Tun fitowar ChatGPT a watan Nuwamba na 2022 wasu suna ganin koyon ma bai zama dole ba, tunda ƙirƙirarriyar basira na iya rubuta umarnin idan aka faɗa mata buƙata. Gaskiya ne ta sauƙaƙa rubutun, kuma rashin amfani da ita taurin kai ne kawai. Amma ba ta san cewa sashen da ke cike da alƙaluma lambobin waya ne ba sai an gaya mata, wanda bai iya karanta layi ashirin na Python ba kuwa ba shi da hanyar gane ko ta kiyaye sifilin ko ta zubar da shi, sai ranar da aka tura saƙon albashi ko na sakamakon jarrabawa ya ƙi isa ga kowa.