Gadon Wasan Daɓe a Finafinan Hausa

Duk sa'ad da aka zauna ana tattauna asalin finafinan Hausa, sai a yi ta nuna Indiya da yatsa, kamar daga Bambai aka sauke komai. Gaskiya ne rawa da waƙa sun shigo ta can. Amma ƙashin bayan fim ɗin Hausa, wato yadda ake ƙulla labari da irin mutanen da ke cikinsa, daga dandamali ya fito. Turmin Danya, wanda ake ƙirgawa a matsayin fim ɗin bidiyo na farko na kasuwa a Kano, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ce ta yi shi a 1990. 'Yan wasan daɓe ne suka samu kyamara, suka shigo da duk abin da suka saba.

Dubi yadda ake ɗaukar zaman falo a finafinan farko. Kujeru a jere suna fuskantar gefe guda, kyamara a kafe inda 'yan kallo za su zauna. Wani ya yi sallama daga waje, a amsa, ya shigo, a gaisa gaisuwa mai tsawo, ya faɗi abin da ke tafe da shi, ya tashi ya fita, sai wata fitowar. Labarin duk a baki yake. Idan an yi haɗari a hanyar Zariya ba za ka gan shi ba, yaro ne zai shigo a guje yana haki ya ba da labari, domin a kan daɓe ba a iya kifar da mota. Haka ma matar da za ta tsaya ita kaɗai a ɗaki tana faɗin mugun nufinta da ƙarfi, ga kishiya laɓe bayan labule tana ji. Wannan dabara ce ta mai wasa a gaban taro, wanda ba shi da hanyar nuna abin da ke zuciya sai ya furta.

Inda gadon ya fi ƙarfi shi ne mutanen wasan. Tun kafin a san majigi, yara na tashe daga goma ga azumi suna kwaikwayon Tsoho da Gemu da Jatau Mai Magani, 'yan kama kuma na kwaikwayon malamai a kasuwa. Marubuta irin su Shu'aibu Maƙarfi mai Jatau Na Kyallu da Mohammed Sada mai Uwar Gulma suka ɗauki irin waɗannan mutane suka sa a takarda: miji ɗan sharholiya, tsohuwa mai kai gulma gida gida, matar da ke haƙuri har ya ƙare. Umaru Ɗanjuma Katsina ya ƙara da alhajin da ke lalata 'yar makaranta a Kulɓa Na Ɓarna, wasan da aka mai da shi fim daga baya. Rediyo da talabijin na Kaduna suka raya su, da Ƙasimu Yero a Karambana da Usman Baba Pategi a Samanja Mazan Fama. Da Rabilu Musa Ibro ya zo, bai ƙirƙiro ɗan ƙauye mai wauta da wayo ba, gadonsa ya yi, ya kuma iya shi fiye da kowa har rasuwarsa a 2014. Amfanin irin waɗannan mutane shi ne ba sa bukatar gabatarwa. Da ka ga boka da jan ƙyalle da ƙwarya ka san inda aka dosa.

Ko waƙar ma da muke cewa ta Indiya ce, a can ɗin daga dandamali ta hau allo. Alam Ara, fim ɗinsu na farko mai magana a 1931, an ɗauko shi ne daga wasan daɓe na Farisawan Bambai, waɗanda suka saba tsinka labari da waƙa.

Ni ina son wannan gado, kuma ina jin zafi idan matasan daraktoci suka raina shi. Daga gare shi muka samu 'yan wasa masu iya sarrafa harshe, waɗanda za a faɗa musu jigon fitowa kawai su zuba zance da karin magana ba tare da takarda ba. Sai dai akwai abin da ya dace da daɓe amma yake cutar da fim. Mai wasa a fili dole ya ɗaga murya ya zare ido domin na sahun baya ya gani. Kyamara kuwa tana kusa da fuska, ƙiftawar ido ta ishe ta. Idan uwar miji ta yi ta ihu a fim na minti goma, mai kallo gajiya yake yi, alhali hararar da za ta yi wa suruka yayin karɓar kwanon tuwo ta gama faɗin komai. Haka kuma ɗabi'ar kawo mai unguwa ko malam a ƙarshe ya tara kowa ya yi nasiha ta kashe ƙarshen finafinai masu yawa.

Masu shirya finafinai masu dogon zango a yau, ku nemi littattafan Maƙarfi da Sada ku karanta, ku zauna da dattawan ƙungiyoyin wasa da suka rage a Kano da Kaduna da Katsina tun suna raye, a naɗi abin da suka sani.