Littafin da Ya Raba Mai Wayo da Mai Basira

Duk mai rubutu da Turanci da bai mallaki Merriam-Webster's Dictionary of Synonyms ba, wallahi kansa yake cuta. Na faɗa, kuma ba zan janye ba. Ƙamus ne na kalmomin da ma'anarsu ta yi kusa da juna. Kamfanin Merriam da ke garin Springfield a Amurka ne ya fara buga shi a 1942, aka sake sabunta shi a 1968. Mafi yawan aikin bugun farko wata baiwar Allah ce ta yi shi, Rose Egan, matar da ban taɓa jin an ambaci sunanta a aji ba, alhali ta cancanci a yi mata kirari.

Za a ce ai ga Roget. Gaskiya ne, likitan nan na Ingila, Peter Mark Roget, ya yi namijin ƙoƙari da littafinsa na 1852, kuma ina ganin girmansa. Sai dai shi tara kalmomi ya yi rukuni-rukuni ya zube maka, kamar mai tumatir da ya kasa kayansa ya tafi salla: ga su nan jajur, amma babu mai gaya maka wanne ne na miya yau, wanne ne zai kai gobe. Shi ya sa ɗalibi kan buɗe Roget ya zaɓi kalmar da ta fi tsawo, ya jefa ta inda ba gurbinta ba. Egan kuwa zaunar da kai take yi, ta fara nuna maka abin da ya haɗa kalmomin, sannan ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta nuna inda kowace ta rabu da 'yan uwanta, ta kawo shaida daga rubutun manyan marubuta.

In kana son ganin gwanintar, buɗe wurin da aka jera shrewd, astute, sagacious da perspicacious. Mu a nan duk "kaifin basira" za mu ce mu wuce. Ashe ba haka ba ne! Shrewd na mutumin da duniya ta koya wa karatu ne, ɗan kasuwar da ke kallon idon mai saye ya san iyakar abin da ke aljihunsa. Astute ya ɗara wannan da iya tafiyar da mutane da sanin lokacin da za a yi shiru, irin na gogaggen ɗan siyasa, kuma akwai ɗan ƙamshin dabara a jikinta. Sagacious ta dattijo ce mai hangen nesa, wanda in ya ce a dakata, bayan shekaru a gane dalilinsa. Perspicacious kuwa ta mai gani har hanji ce, wanda ruɗani ba ya rufe masa ido. To ka ga idan aka nemi ka rubuta takardar shaida a kan malaminka, ka ce masa shrewd, ka yaba shi, amma ka bar mai karatu yana tunanin ko malam ya iya ciniki ne.

Abin ya ƙara daɗi da na bi asalin kalmomin a babban ƙamus, don nan na ga inda bambancin ya samo tushe. Shrewd daga shrew ta fito, wato jaba, kuma a Turancin da, ma'anarta mugu ko mai sharri. Daga baya ne ta wanke jikinta ta zama yabo, amma ragowar warin bai gama fita ba. Astute daga kalmar Latin ce mai nufin wayo da makirci. Sagacious ma daga Latin take, inda ake faɗinta ga mai ƙarfin jin ƙamshi, har Turawan da sukan siffanta karen farauta da ita. Perspicacious kuma daga aikatau ne mai nufin gani ta cikin abu. Ɗaya ta hanci, ɗaya ta ido, biyu kuma suna da tsohon laifi a wuyansu. Kai, wannan ai sai a bar barci a karanta!

Akwai rukuni na biyu, na sunaye: discernment, discrimination, perception, penetration, insight da acumen. A nan biyu suka fi kama ni. Insight fahimta ce mai zurfi da ke haɗe da tausayi, irin ta wanda ya gane abin da ke damun mutum tun bai buɗe baki ba. Acumen kuwa asalinta tsini ne, kuma basira ce da ke aiki a fagen yanke hukunci, shi ya sa ake yawan jin ta tare da maganar kasuwanci da siyasa. Ana iya samun mutum da ta farkon fal ciki, amma ka ba shi jari ya karye cikin wata uku.

Ga kuma gabatarwar littafin, wadda yawancin mutane ke tsallakewa. Kada ka tsallake. Tarihi ne na waɗanda suka yi wannan aiki a baya, irin su Hester Piozzi, wadda ta fitar da nata a 1794 don taimakon baƙi masu koyon Turanci, da George Crabb, wanda ya fitar da nasa a 1816. Wanda ya yi karatun zaure ba zai ga abin baƙo ba, domin tun ƙarni na 10 Abu Hilal al-Askari ya rubuta Al-Furuƙ a kan bambancin kalmomin Larabci masu kama da juna. Ina ma wani gwani zai zauna ya yi mana irinsa da Hausa, ya raba mana basira da hazaƙa da fasaha da hikima da wayo, ya kawo hujja daga bakin mawaƙa da marubuta.

Aibinsa? Masu neman aibi za su ce misalan sun tsufa, kuma harshen ya yi gaba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Discrimination, alal misali, yau in ka furta ta, wariya da nuna bambanci mutane za su fara ji, ba iya tantance mai kyau daga marar kyau ba, don haka sai ka yi hattara kafin ka yabi wani da ita. Amma wannan bai rage min ko ƙwayar zarra daga son littafin ba.

Gajeren bayanin wasu daga cikin rukunan yana nan kyauta a shafin Merriam-Webster na intanet, ƙarƙashin kalmomin da abin ya shafa. Leƙa shrewd ka ɗanɗana. Sai dai a can an taƙaita bayanin an kuma rage misalan, don haka in ka ci karo da cikakken littafin a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai, ko bangonsa ya yage, biya kawai kada ka tsaya taya.