Kiɗan "Powerhouse" a Ma'aunin Take

1.0 Gabatarwa

A nazarin waƙar baka an saba bayyana take da cewa kiɗa ne mai magana. Makaɗi yakan zuba kalmomi a bakin kalangu, wanda ya san harshen sai ya ji sunan mai taken ba tare da an buɗe baki ba. Wannan takarda za ta ɗora wani kiɗan jaz na Amurka a kan wannan ma'auni, domin a ga ta inda kiɗan da ba shi da waƙa yake samun ma'ana.

2.0 Asalin Kiɗan

Raymond Scott (1908-1994) shi ne ya tsara "Powerhouse", aka ɗauke shi a faifai a shekarar 1937, da makaɗa shida. Kiɗan yana da gaɓa biyu. Ta farko mai sauri ce, kamar ana tsere. Ta biyu kuwa tana tafiya da nauyi, taki ɗaya bayan ɗaya, kamar injin masana'anta. Daga nan sai a koma ta farko a rufe.

Scott bai yi kiɗan don fim ba. A 1943 ne kamfanin Warner Bros. ya sayi haƙƙin kiɗe-kiɗensa, sai Carl Stalling ya riƙa saka su a finafinan katun, wato zane mai motsi, irin na Bugs Bunny da Daffy Duck. Alal misali, a "Baby Bottleneck" na 1946, gaɓa ta biyu ce ke raka jarirai yayin da inji ke jan su a jere.

3.0 Sharhi

A Yendi, fadar Ya-Na, makaɗan da Dagomba ke kira lunsi suna faɗin kirarin sarakuna da gangar lunga, 'yar'uwar kalangu. Haka kuma ɗalibin da ya tashi a zangon Salaga ko na Bawku ya san yadda mutum kan zabura idan an kaɗa takensa a wurin biki. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne Hausa da Dagbanci harsuna ne masu karin sauti. Ganga tana bin hawa da saukar murya.

"Powerhouse" ba shi da wasu kalmomi a ƙarƙashinsa. Hoto da maimaici ne suka ba shi ma'ana, har ya zama da an ji gaɓa ta biyu, sai mai kallo ya tuna inji. Ke nan ya zama taken masana'anta, amma ta hanyar ido.

A nan akwai riba, akwai hasara. Katun ya kai kiɗan gidajen da faifan 1937 bai taɓa shiga ba. Sai dai armashinsa yana cikin karon da gaɓoɓin biyu ke yi da juna, shi kuwa Stalling sau da yawa yakan yanki guntun da ya dace da abin dariyar ne kawai. Bugu da ƙari, da yawa daga masu kallo sun haddace kiɗan ba su san sunan mai shi ba.

4.0 Kammalawa

A taƙaice, take yana jingina da harshe, "Powerhouse" kuwa da hoto. Ana son ɗalibi ya saurari faifan 1937 gaba ɗayansa, sannan ya samo take guda daga garinsu, ya rubuta kalmominsa tare da alamun karin sauti, ya bayyana abin da baƙon da bai ji harshen ba zai rasa.