Silin Ya Hau, Zafi Bai Sauka Ba



Duk shekara, da zarar hunturu ya ja jiki zafin Maris ya kunno kai, sai ƙarar guduma ta cika unguwarmu a nan Kagoma. Wannan na sa silin ɗin roba, wancan na POP, wani kuma ya kware tsohon kwano ya ɗora dogon kwanon alminiyam. Burin kowa ɗaya ne, ɗaki ya yi sanyi, tunda wuta ba ta zama, man janareta kuma ya fi ƙarfin talaka tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. To amma kafin ruwan Agusta ya wuce, da yawa cikin ayyukan nan sun zama ƙara a zauren mai unguwa ko a ƙofar masallaci bayan la'asar. Mai gida na cewa an cuce shi, kafinta na rantsuwa abin da aka sa shi ya yi.

Mun zauna sulhu irin wannan ba sau ɗaya ba, kuma kusan kullum tushen rigimar guda ne. Mai gida sanyi ya saya, kafinta silin ya sayar, kuma babu takardar da za ta raba su. Cinikin dubban ɗaruruwan naira, amma iyakar sharaɗinsa: "Ka yi mini mai kyau." "In sha Allahu, Alhaji."

Bari mu fara da mai aiki. Kwano in ya sha rana, iskar da ke tsakaninsa da silin takan zama kamar ta tanda. In ba a bar mata ramukan fita a gefen rufi da can sama ba, ƙasa za ta huce, domin silin ɗin roba siriri ne, ba ya tare zafi. Kafintan kirki ya san haka. Amma sai ka ga an toshe ko'ina da siminti wai don ɓera da jemage, alhali 'yar raga ta waya ta isa. Da damina kuma, a rufin da ba ya shan iska, laima kan taru a ƙarƙashin kwano cikin dare, ya yi zufa, ta ɗiga kan POP. Mai gida ya ga tabo ya ce yoyo ne, kafinta ya hau bai ga huda ba, shi ke nan sai musu.

Akwai kuma abin da ba shi da wani suna sai ha'inci. A karɓi kuɗin kwano mai kaurin milimita 0.45 a kawo wanda bai kai ba. A sa ɗanyen katako wanda ba a shafa wa maganin gara ba, yana bushewa ya lanƙwashe, ƙusa ta saki. A rage haɗin kwano da kwano don a ci ribar falle biyu. A kafa ƙusa ba robarta. A yi rufi kwance don a rage katako, an manta ruwan Kudancin Kaduna ba irin na Kano ko Katsina ba ne: daga Afrilu yake farawa har Oktoba, ga iska. Duk wannan a ɓoye yake bayan silin, ruwa ne kaɗai ke tona shi.

Shi ma mai gida yana da nasa. Zai kira mutum uku, ya ba wanda ya fi araha, bai tambayi me aka cire har kuɗin ya sauka ba. Wani ya biya rabi ya yi shiru wata uku, ga farashi ba ya jiran kowa. A farkon 2024 buhun siminti sai da ya haura naira 10,000. Mai aikin da aka bar wa giɓi, daga ingancin kaya zai cike shi. Araha dai ba ta ado.

Kada a ce ƙarancin ilimin mutanenmu ne. A Ingila, a Oktoban 2025, ofishin binciken kuɗin gwamnati ya bayyana cewa kashi 98 cikin 100 na gidajen da aka lulluɓe bangonsu ta waje don tare sanyi, a wani shirin tallafi, sai an sake gyara su saboda laima da fumfuna. Can ma abin da ya kashe aikin shi ne rashin mai dubawa.

Mu kuwa muna da abin da ya kamata ya tsare mu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Wanda ya karɓi kuɗinka aiki bai kammala ba, ai akwai nauyinka a wuyansa. A mazhabarmu ta Malikiyya, mai sana'a yana lamunin kayan da ya tafi da su shagonsa, kamar tela ko maƙeri. Amma wanda ya yi aiki a cikin gidanka, ba a ɗora masa biya sai an tabbatar da sakaci ko saɓa sharaɗi. To wane sharaɗi liman zai kama, in ba a faɗa ba, ba a rubuta ba?

Abin da ya fi damunmu shi ne inda maganar kan zarce. Masu aikin nan akwai Hausawa, akwai maƙwabtanmu 'yan Gwong, masu sayar da kayan a Kafanchan kuma kowace ƙabila akwai. In rigima ta yi zafi sai a bar zancen ƙusa da katako, a koma "ai su haka suke". Yankin da ya ga 1987 ya ga 2011 bai kamata ya bari tabon silin ya zama zancen ƙabila ko addini ba.

Saboda haka shawararmu ga duk mai shirin aiki bana: a rubuta kaurin kwano, irin katako, yawan ramukan iska da ranar gamawa, shaidu biyu su sa hannu. A auna kwano a shago kafin a ɗora a mota. Mai gida ya hau ya duba rufi, ko ya sa wanda ya sani, kafin a rufe silin. A biya kashi-kashi ba tare da ja wa mai aiki rai ba, a kuma yarda tun farko cewa wani kaso zai zauna hannun amintacce har rufin ya ga ruwan Agusta. Kafintan da ya ƙi wannan sharaɗi ya riga ya gaya maka irin aikinsa. Mai gidan da ya ƙi shi ma ya gaya wa kafinta irin biyansa.

Allah Ya tsare mu daga cin haƙƙin juna, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin.