Jinjina ga Likitocin Haƙori na Tsofaffin Sojoji

Tsohon soja ya saba da ƙarar bindiga, amma ciwon haƙori kan hana shi barci kamar kowa. Daga Kakuri ko Barnawa yakan haye gadar kogin Kaduna zuwa Asibitin Sojoji na 44, riƙe da katin DHML, kamfanin inshorar lafiyar sojoji da ke ɗaukar nauyin masu ritaya.

Can zai tarar da mutanen da ba a cika yabawa ba. Likita ya gyara fitila, ya ce, "Baba, buɗe baki," ya yi allurar kashe zafi, ya kankare ruɓar turmi, ya cike ramin. Ba don su ba, da ya sha wahala, domin fansho ba ya ɗaukar kuɗin asibitin kuɗi, kowa ya sani.

Likitoci da mataimakansu, sannunku da aiki. Allah Ya saka da alheri.